Zakarun Faɗa a Indunusiya: Ina Matsayin Mai Kiwo?

Ranar 17 ga Maris, 2025, an harbe 'yan sanda uku har lahira a gundumar Way Kanan da ke lardin Lampung na Indunusiya, yayin da suka kai samame wani dandalin da ake haɗa zakaru faɗa ana caca. Gwamnatin ƙasar ta haramta wannan caca tun 1981, amma ba ta gushe ba. Kowane zakara da ke shiga irin wannan dandali kuwa, akwai manomin da ya raine shi.

Nau'in da aka fi nema shi ne wanda suke kira "ayam Bangkok", wato kazar Bankok, mai asali daga Tailan: dogo ne, mai faɗin ƙirji da ƙarfin ƙafa. Kiwonsa ba irin na kajin tsakar gida ba ne. Ana ware shi a kejin gora shi kaɗai, a goge masa jiki da ruwa da safe, a shanya shi a hantsi, a ciyar da shi jar shinkafa da masara, a kuma horar da shi har numfashinsa ya yi tsawo. Wanda ya yi suna, kuɗinsa kan ninka na kazar yanka sau da yawa.

Hujjar mai kiwo a bayyane take: shi kaza ya sayar, bai zuba kuɗin caca ba. Kuma gaskiya ne kiwon kaza halal ne. Sai dai malaman fiƙihu sun dubi abin da mai saye zai yi da ita. Littafin Fathul Mu'in na Zainuddin al-Malibari, wanda ɗalibai ke karantawa a makarantun kwana na addini a Indunusiyar kanta, ya jera sayar da zakara don faɗa da rago don karo tare da sayar da inabi ga mai haɗa giya, cikin cinikin da ya haramta idan mai sayarwa ya sani ko ya yi zato mai ƙarfi. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, hani ga zuga dabbobi su yi faɗa. An yi magana kan isnadin, amma haramcin caca da azabtar da dabba ba su rataya a kansa ba.

A ganina, batun sani ne ya fi yi wa manomin nauyi. Wanda ya kwashe watanni yana koya wa zakara duka, da wuya ya ce ya ɗauka tukunya za a kai shi.