Yadda ake kiwon ƙananan kifayen ado a gida ba tare da sun mutu ba

Bara na sayo wa 'yata kifaye uku daga wajen wani mai tallan kifin ado a nan Agege, na zuba su a kwalbar gilashi da ruwan famfo. Kafin mako ya zagayo duk sun mutu. Yarinya ta yi ta kuka, ni kuma na ɗora laifin kan mai tallan. Daga baya ne na gane laifina ne, shi ya sa na ga ya dace in faɗa wa 'yan'uwa abin da na koya.

Kifin da nake magana a kai shi ne zebra danio, mai zane-zane irin na jakin dawa. Asalinsa daga ƙoramu da gonakin shinkafa na Indiya da Bangladesh yake, tsawonsa kuma bai wuce santimita 5 ba. Yana jure zafi har kusan digiri 28, don haka ya fi neon tetra, ɗan yankin Amazon, dacewa da ɗakunanmu na Legas da Fatakwal.

Kuskurena na farko shi ne yawansu. Wannan kifi a ayari yake rayuwa. In sun yi kaɗan sai tsoro ya kama su, ko babba ya riƙa korar ƙarami har ya galabaita. A sayi aƙalla 6, a tankin da tsawonsa ya kai santimita 60, domin gudu suke so. A sa masa murfi, don suna tsalle waje.

Kuskure na biyu, kuma mafi muni, shi ne gaggawa. Kashin kifi yana fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a soson filta su ne ke cinye wannan guba, amma sai sun ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Saboda haka a cika tanki, a kunna filta, a riƙa jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe a ciki, sai bayan wannan lokaci a kawo kifin.

Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin. A ɗiga masa maganin kashe kulorin da ake sayarwa a shagunan kifi, ko a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. Duk mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kawai, ba duka ba. Soson filta kuwa a ɗauraye shi da tsohon ruwan tankin. Sabulu kada ma ya kusance shi.

Abinci sau biyu a rana ya isa, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2. Yara na son ƙara musu, to a sa ido, don ragowar abinci ce ke ɓata ruwa.

Sai matsalarmu ta kullum, ɗauke wuta. In filta ta tsaya, iskar da ke cikin ruwa tana raguwa. Ni na sayi ƙaramin famfon iska mai caji. In babu shi, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubo shi daga sama lokaci-lokaci, a kuma rage abinci.

Abu na ƙarshe: maganin sauro na feshi, har da fiya-fiya, yana kashe kifi nan take. Kafin a fesa a rufe tankin ruf, a kashe famfon iska, sai warin ya fita a buɗe.

Yanzu muna da guda 8, kuma 'yata ce ke ƙirga su kowace safiya kafin ta tafi Islamiyya.