Hanyoyin Ƙarfi a Jikin Ɗan Adam: Tsakanin Allurar Sinawa da Ƙahon Wanzamai

A garuruwan Karaye da Rogo, kamar sauran ƙasar Hausa, manomin da ciwon baya ya dame shi bayan kaka yakan nufi wanzami. Wanzami zai kafa masa ƙaho, ya tsotse iskar ciki har fata ta kumburo, ya yi tsaga da aska, sannan ya mayar da ƙahon don ya janyo abin da ake kira mataccen jini. Dalilin da ake bayarwa shi ne wani abu ya tsaya cik a jiki, sai an buɗe masa hanya. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin ma a kan irin wannan tunani suka gina iliminsu.

A wurin Sinawa akwai wani ƙarfi da suke kira "ci", wanda ba shi da alaƙa da cin tuwo. Sun ce yana gudana ta manyan hanyoyi 12 da wasu ƙarin 8, kuma toshewar ɗayansu ita ke kawo cuta. Littafinsu mai suna Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya kwatanta hanyoyin da koguna. A shekarar 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ɗauke da ƙofofin da ake soka allura, domin koyar da ɗalibai. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga daidaitattun sunayen wurare 361 na soka allura. Motsa jikin da ake kira cigon, wato haɗa jan numfashi a hankali da lanƙwasa gaɓoɓi cikin natsuwa, shi ma manufarsa buɗe waɗannan hanyoyi ce.

To, shin akwai su a zahiri? Kalmar "jijiya" a Hausa ta haɗa abubuwa da dama: mai ɗaukar jini, da mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, da mai ɗaure tsoka da ƙashi. Dukkansu ana ganinsu idan an feɗe jiki. Ibn Nafis ya bayyana bin jini ta huhu tun ƙarni na 13, William Harvey na Ingila kuma ya nuna zagayensa a 1628. Amma hanyoyin "ci" ba a same su ba, ko da madubin likita. A farkon shekarun 1960 wani masani a Koriya ta Arewa, Kim Bong-han, ya ce ya gano su, sai dai binciken nasa bai tabbata ba.

Duk da haka masu ciwo da yawa kan ce sun ji sauƙi. A 2007 aka buga sakamakon wani gwaji a Jamus kan masu ciwon baya fiye da 1,000. Kusan kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka soka wa allura a wuraren da Sinawa suka tsara sun sami sauƙi, amma kashi 44 na waɗanda aka soka wa sama-sama a wuraren da ba su ba, su ma sun samu. Wannan ya nuna sauƙin bai dogara ga taswirar hanyoyin ba. Masana na danganta shi da sinadaran rage zafi da jiki ke fitarwa da kansa, da kuma natsuwar da majinyaci ke samu idan ya amince da mai magani. Cigon kuwa amfaninsa irin na motsa jiki ne mara wahala.

Haka nan jinin da ƙaho ke janyowa ba matacce ba ne. Ya yi duhu ne saboda ƙarancin iskar oksijin da kuma daskarewa. Babban abin tsoro yana ga askar. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, kuma goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Aska ɗaya ga mutum goma na iya yaɗa ta, har da ƙanjamau.

Saboda haka ɗalibin da zai raka mahaifinsa wurin wanzami ya tabbatar an ɓare sabuwar reza a gabansu, an kuma tafasa ƙahon. Mai ƙarancin jini da mai ciki su kauce wa ƙaho. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, asibiti ya kamata a kai shi tun da wuri.