Ranar da Injiniyoyin Facebook Suka Rufe Shafinsu da Hannunsu

Ranar 23 ga Satumba, 2010, Facebook ya ɗauke na kimanin awa biyu da rabi. Babu ɗan kutse ko ɗaya a maganar. Injiniyoyin kamfanin ne suka rufe shafin da kansu, don dabara ta ƙare musu.

Bari in yi muku shimfiɗa a gurguje. Babban shafi ba ya komawa rumbun bayanai duk lokacin da ka latsa waya, rumbun ba zai iya ɗauka ba. Sai ya baza kwafin abubuwan da aka fi nema a ma'ajiyar wucin gadi, a kan kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Da zarar asalin ya canza, tilas a goge kwafin ko a sabunta shi. Akwai ƙa'idojin da ke tsare wannan daidaito, kuma tambayarmu ta yau ita ce: da me ake auna nagartarsu?

To, a wannan rana wani gurɓataccen saiti ne ya shiga rumbun. Akwai manhajar da aikinta shi ne in ta ga kwafi ya ɓaci, ta je rumbu ta ɗauko mai kyau. Amma fa asalin ne ya ɓaci! Kowace kwamfuta ta ga kuskure, kowacce ta ruga rumbu, tambayoyi dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Rumbu ya jigata, ya fara mayar da saƙon gazawa. Ku saurari nan, don nan ne abin ya ɗaure mini kai: manhajar ta ɗauki saƙon gazawar a matsayin wani ɓataccen kwafi, ta goge abin da ke ma'ajiya, ta sake rugawa rumbu. An gyara saitin, an gyara shi tsaf, amma rububin bai lafa ba sai da aka rufe shafin, aka riƙa barin jama'a su dawo kaɗan-kaɗan.

Shi ya sa in aka ce mini tsari kaza yana da sauri a matsakaicin lissafi, nakan yi shiru. Ranar cunkoso fa?

A 2013 injiniyoyin Facebook sun gabatar da wata maƙala kan ma'ajiyarsu ta memcache, da dabarar da suke magance rububi da ita. In kwafi ya ɓace, kwamfuta ɗaya kawai ake bai wa lambar izini ta je rumbu, sauran a ce su ɗan dakata, kamar yadda ake aiken yaro ɗaya ya ɗebo wa gida ruwa. Ba a sake ba da izini a kan abu guda sai bayan daƙiƙa 10. Suka yi mako guda suna awo a kan bayanan da aka fi yi wa rububi, suna duban ƙololuwar nauyi. Babu izini, tambayoyi 17,000 a daƙiƙa. Da izini, 1,300. Ƙololuwar suka duba, saboda da ita ake ƙiyasta girman rumbun da za a tanada.

Ƙololuwar nauyi ita ce ma'auni na farko. Saura ma'auni na biyu, wato sau nawa kwafi ke saɓa wa asali. A 2022 kamfanin, wanda ya koma Meta, ya bayyana wata manhaja mai suna Polaris da ke bin kwafe-kwafen tana kwatanta su. Da taimakonta, in ji kamfanin, saɓanin a tsarin ma'ajiyarsu mai suna TAO ya sauko ƙasa da ɗaya cikin rubutu biliyan 10. Alƙaluman kamfani ne a kan kansa, sai ku riƙe su a haka.