Ko Kun Sani? Tecno, Itel da Infinix 'Yan Gida Ɗaya Ne

Wayoyin Tecno, itel da Infinix da suka cika shagunan unguwar Bantama da hannun matasan Zangon Kumasi duk kamfani ɗaya ke ƙera su: Transsion, na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006. Ya ci kasuwar Afirka da waya mai layi biyu, da batir mai jure ɗaukewar wuta, da kyamarar da ke fito da baƙar fata tas. Wannan basira ce ta gaske.

Sai dai zargin kwaikwayo bai bar shi ba. A 2019 kamfanin Huawei ya maka shi a kotu kan hoton bangon waya, yana neman diyyar yuan miliyan 20.