Awon garka mai karkatacciyar iyaka

Sabha babban gari ne a kudu maso yammacin ƙasar Libiya, cikin yankin Fezzan. Manshiya tana ɗaya daga cikin unguwanninsa. Hausawa sun daɗe da sanin wannan yanki. A zamanin da, ayarin raƙuma yakan tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ratsa Fezzan, sa'an nan ya isa Tarabulus. Har yanzu mutanen Nijar da yawa suna zuwa Sabha neman aiki, wasu a wajen gini, wasu a garake.

Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai a Fezzan. Da ruwan rijiya ake ban ruwan dabino da albasa da tumatir. Saboda haka mai garka yana bukatar sanin girman filinsa, don ya san yawan iri da taki da ruwan da zai nema, da kuma ladan da zai biya ma'aikata. Amma ba kowace garka ce take a miƙe ba. Wata katanga ta datse ta, wata hanya ta gutsire mata gefe, wata kuma tudun rairayi ne iyakarta. Yaya za a auna irin wannan fili?

Abin da ake aunawa da shi

Girman fili, wanda ake kira aire da Faransanci, ana auna shi da murabba'in mita. Murabba'in mita shi ne ɗan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ana rubuta shi m². Hekta ɗaya m² 10,000 ce, wato fili mai mita 100 a kowane gefe.

Akwai siffofi biyu masu sauƙin awo. Ta farko ita ce murabba'i mai dari, wato siffar ƙofa ko allon aji. Ana ninka tsawonsa da faɗinsa. Ta biyu ita ce alwatika, mai kusurwa uku. Ana ninka gindinta da tsayinta, a raba biyu, domin alwatika rabin murabba'i mai dari ce. Duk filin da gefunansa suke miƙaƙƙu, komai yawan kusurwoyinsa, ana iya yanka shi zuwa waɗannan siffofi biyu.

Hanya ta farko: a yanka, a tara

A ce wani manomi a bayan Manshiya yana da garka mai tsini ta gabas, kamar bakin mashi. Sai ya kafa turaku biyu, ya ja igiya daga arewa zuwa kudu, daidai inda tsinin ya fara. Garka ta rabu gida biyu ke nan. Gidan farko murabba'i mai dari ne, tsawo mita 40, faɗi mita 30. 40 sau 30 ya ba da m² 1,200. Gida na biyu alwatika ce, gindinta mita 30, tsayinta mita 20. 30 sau 20 ya ba da 600, a raba biyu, saura m² 300. In an tara 1,200 da 300, girman garka m² 1,500 ne.

Hanya ta biyu: a cika, a debe

Wata garka kuma gidan maƙwabci ya cinye mata kusurwa ɗaya, ga tankin ruwa a tsakiyarta. A nan ana fara auna ta kamar cikakkiya ce: tsawo mita 50, faɗi mita 40, wato m² 2,000. Sa'an nan a auna wurin da ba a nomawa. Gidan maƙwabci mita 20 ne da mita 10, wato m² 200. Tanki mita 5 ne da mita 4, wato m² 20. In an debe 220 daga 2,000, filin noma m² 1,780 ne.

Hanya ta uku: a ƙidaya gidaje

In iyakar fili ta bi gindin tudu tana lanƙwasa kamar maciji, igiya ba ta isa ba. Sai a zana taswirar filin a kan takarda mai ƙananan gidaje, irin ta littafin lissafi. A ce kowane gida yana madadin mita 10 da mita 10, wato m² 100. A ƙidaya gidajen da suka cika: 18. A ƙidaya waɗanda iyaka ta ratsa: 12. Waɗannan ana ɗaukar su rabi-rabi, su zama 6. Jimla gida 24, wato wajen m² 2,400. Wannan amsa kintace ce, amma tana kusa da gaskiya. In gidajen sun ƙara ƙanƙanta, amsa tana ƙara daidaita. Da irin wannan dabara masana suke auna tafki a hotunan tauraron ɗan Adam. Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarar 1963, kafin fari ya rage shi ƙwarai.

Kuskuren da ke jawo asara

Wasu suna zaton in an taka kewayen fili, an san girmansa. Ba haka ba ne. Kewaye, wato périmètre, abu ne dabam. Ga garka mai mita 30 a kowane gefe: kewayenta mita 120, girmanta m² 900. Ga wata mai tsawon mita 50 da faɗin mita 10: kewayenta ita ma mita 120, amma girmanta m² 500 kaɗai. Wanda ya musanya ta farko da ta biyu ya yi asarar m² 400. Irin wannan kuskure yakan raba 'yan'uwa ranar rabon gado.

Wannan ilimi tsoho ne. A Masar, wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wani magatakarda mai suna Ahmes ya rubuta yadda ake auna gona mai kusurwa uku. A Bagadaza, wajen shekarar 820, malami Alkawarizmi ya sa babin awon fili da na rabon gado a cikin littafinsa na aljabara. Wanda ya iya wannan awo, ba a cutarsa a ciniki, shi ma ba ya cutar kowa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kewaye da girman fili?
2. Me ya sa ake raba biyu wajen awon alwatika?
3. Wata tsakar gida tana da tsawon mita 12 da faɗin mita 9. A kusurwarta akwai madafa mai mita 3 a kowane gefe. Murabba'in mita nawa ya rage?

Aiki

Kowane ɗalibi ya ɗora ganyen mangwaro a kan takarda mai gidaje, ya zana iyakarsa, ya ƙidaya gidajen, sa'an nan ya gwada amsarsa da ta maƙwabcinsa.