Dawar da ba ta fitar da bununi

Mu Hausawan Omdurman, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, da kisra muka tashi, wainar dawa mai tsami da ake shimfiɗawa siririya a kan ƙarfe mai zafi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wata dawar da ake niƙa mana a Khartum, uwarta ba ta taɓa yin bununi ba.

Kowane furen dawa mai yin ƙwaya yana ɗauke da namiji da mace, don haka yawanci kanta take yi wa barbara. Mai son ya aurar da iri biyu sai ya bi furanni ɗaya bayan ɗaya yana cire mazan, alhali zangarniya guda tana da furanni sama da dubu. Wa zai iya wannan a gona? A 1954 masu bincike Stephens da Holland suka bayyana mafita a Texas ta Amurka: sun haɗa nau'o'in dawa biyu, milo da kafir, dukkansu 'yan asalin Afirka, sai ga dawa mai lafiyayyar mace, namijinta kuwa bakarare.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda wannan rashin haihuwa yake ɓoye. Yana cikin mitokondiriya, ƙananan sassan ƙwayar halitta da ake gada daga uwa kaɗai. Bununi ba ya ɗaukar su zuwa ga 'ya'ya, saboda haka babu abin da za su rasa in namiji ya mutu. Tun 1941 wani masani mai suna Lewis ya yi lissafin: in matsalar tana cikin gadon da uwa da uba ke tarayya a kai, sai shukar ta ninka 'ya'yanta fiye da sau biyu kafin halin ya yaɗu, amma in ta gefen uwa ce, ƙari kaɗan ya isa. Gadon da uwa da uba ke tarayya a kai kuma yakan fito da abin da ke dawo da bununin. Da shi masu haɗa iri ke sa dawar manomi ta yi ƙwaya.

Da wannan dabara Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da a lokacin yake aiki da cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Wad Madani ta Sudan, ya fitar da Hageen Dura-1 a 1983, dawa mai jure fari. Ya karɓi kyautar abinci ta duniya a 2009.

Sai dai iri mai aure ba a ajiye shi don baɗi, kuma dogaro da uwa ɗaya yana da haɗari. A 1970 cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka saboda haka. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kuma ya kai ga wawushe rumbun irin Wad Madani. Manomin Kano da na Maradi, ku sayi sabon iri, amma kada ku bar kaura da farafara su ƙare a rumbunanku.