Lanƙwasar mazakuta: abin da injin bugun sauti ke iya yi da abin da ba ya iyawa

Akwai larurar da maza da yawa ke ɓoyewa saboda kunya, har da matansu na aure. Mutum zai lura mazakutarsa ta fara lanƙwashewa idan ta tashi, ya ji zafi, ya kuma taɓo wani ƙulli mai tauri a ƙarƙashin fata. Likitoci na kiranta cutar Peyronie, sunan wani likitan fiɗa na Faransa da ya yi bayaninta a 1743.

Ƙullin tabo ne da ke fitowa a jikin tantanin da ya naɗe mazakuta daga ciki, galibi bayan ɗan rauni a lokacin saduwa, wanda mai shi bai ma san ya ji ba. Da yake tabo ba ya miƙewa, sai gaban ya karkata ta wajen da yake. An fi ganin cutar ga masu matsakaicin shekaru da masu ciwon suga. Ba sankara ba ce, ba a kuma ɗaukarta daga wani.

A Ingila da Amurka, asibitocin kuɗi na tallata wata jinya ta bugun sauti, wadda ake kira shokwef. Ana ɗora kan wani inji a kan ƙullin, ya riƙa aika bugun sauti cikin nama na 'yan mintoci, a maimaita na wasu makonni. Asalin dabarar daga fasa tsakuwar ƙoda ne, wadda aka fara a birnin Munich na Jamus a 1980.

To, shin tana miƙar da lanƙwasar? An gwada ta a Italiya a 2009 da Jamus a 2013, kowanne a kan maza kusan 100, aka kwatanta da injin bogi. Sakamakon ya zo ɗaya: zafi ya ragu, amma lanƙwasar ba ta gyaru ba. Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta fitar a 2015 ta amince a yi amfani da ita don rage zafi, ta kuma hana amfani da ita don gyara lanƙwasa ko rage girman ƙullin. Shi kansa zafin, ga akasarin maza, yakan lafa da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Masu taimaka wa lanƙwasar daban ne. Akwai na'urar jan mazakuta da ake sawa kullum na tsawon watanni. Akwai allurar Xiaflex mai narkar da tabon, wadda Amurka ta amince da ita a 2013. Sai fiɗa, wadda ake yi bayan lanƙwasar ta daina ƙaruwa, kuma takan ɗan rage tsawon gaban.

Ɗan'uwa, in kana fama da wannan, kada kunya ta sa ka kwashi kuɗin da ka tara da gumi ka kai inda talla ta nuna maka. Fara da likitan unguwarku, ya tura ka ga likitan mafitsara. A Ingila wannan hanya kyauta ce ga mai rajista da NHS, kana kuma da damar neman likita namiji ko tafinta. Duk wanda ya ce injinsa zai miƙar da lanƙwasa, ka tambaye shi binciken da ya nuna haka kafin ka biya ko sisi.